Saɓanin Hoto da Sauti a Aikin Fim: Gudun Firam da Lambar Lokaci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ke yawan aukuwa idan mai tace hoto ya gama aikinsa, ya fitar da fim, ya miƙa wa mai gyaran sauti domin ya share murya, ya sa kiɗa, ya daidaita ƙarfin sauti. Matsalar kuwa ita ce, a buɗe aikin a ɗakin sauti a tarar baki yana motsi daban, magana tana fita daban. Wani lokaci farkon fim lafiya lau, sai an kai tsakiya a ga an buga ƙofa, ƙararta kuwa ba za ta zo ba sai mai shigowa ya riga ya zauna. Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗalibai na ƙarshen zango, ko ya leƙa situdiyoyin da ake haɗa fina-finan Hausa a Kano ko Kaduna ko Jos, ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Ya kuma san abin da yake ci, watau kwanakin aiki, da kuɗin hayar situdiyo, da zargin juna tsakanin ma'aikata biyu waɗanda kowanensu ya yi aikinsa daidai bisa ma'aunin da ke gabansa.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, saɓanin da kansa yana faɗin dalilinsa ga wanda ya tsaya ya auna shi. Dalilan kaɗan ne, kuma kowane yana da girman da aka san shi da shi a lissafi. Al'adar jan sauti gaba ko baya da ido, har sai ya yi kamar ya dace, ita ce ke mayar da aikin awa guda ya zama na mako.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi. Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri, kowane ɗaya daga cikinsu shi muke kira firam. Adadin firam da ke wucewa a cikin sakan guda shi ne gudun firam. Lambar da ake ba kowane firam, mai nuna awa da minti da sakan da firam, kamar 01:00:00:00, wadda ma'aikata ke ce wa taimkod, za mu kira ta lambar lokaci. Shi kuwa sauti, kwamfuta tana ɗibarsa ne gutsure-gutsure sau dubbai a sakan, to wannan adadi za mu ce masa adadin ɗiba. Abubuwa uku ne daban-daban, kuma yawancin ruɗanin da ake samu daga ɗaukarsu abu guda yake fitowa.

2.0 Asalin bambancin gudu

Ba don son rai aka sami gudu iri-iri ba, tarihi ne ya bar mana su. Silima ta tsaya a kan firam 24 a sakan tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara fim mai magana, domin sauti ba ya jure wa gudun da ke hawa yana sauka. Da telebijin ta zo, sai aka ɗaure gudunta da na wutar lantarki. Ƙasashen da wutarsu ke juyawa sau 50 a sakan, irin su Ingila da Jamus da Indiya da Nijeriya da Gana da Nijar, suka ɗauki firam 25. Amurka, mai wuta mai juyi 60, ta ɗauki firam 30.

A shekarar 1953 Amurka ta amince da tsarin telebijin mai launi da ake kira NTSC. Don kada siginar launi ta riƙa karo da ta sauti, injiniyoyi suka rage gudun hoto da kashi ɗaya cikin dubu, firam 30 ya koma 29.97. Daga nan kuma aka haifi 23.976, watau firam 24 da aka rage wa wannan kashi ɗaya cikin dubun domin fim ɗin silima ya shiga tsarin telebijin na can. Dalilin da ya kawo ragin ya tafi tare da tsohuwar telebijin, amma lambobin suna nan daram cikin kyamarori da manhajoji. Wannan ya shafe mu kai tsaye, gama kyamarori da yawa da ake sayowa daga waje suna isowa a saite bisa tsarin Amurka, kuma akwai waɗanda ke rubuta 24 ko 30 a fuskarsu alhali abin da suke ɗauka 23.976 ne ko 29.97.

In mun duba yadda gudun nan ke zama da sauti za mu ga wanda ya fi sauƙin sha'ani. A aikin fim da telebijin adadin ɗiba 48,000 ne a sakan. A gudun 25, kowane firam yana ɗauke da ɗiba 1,920 cif. A gudun 24, ɗiba 2,000 ne. A 29.97 kuwa, ɗiba 1,601.6 ne, ba ya cika sai an haɗa firam biyar. Saboda haka, a ganinmu, duk aikin da za a nuna a gidan telebijin na wannan yanki namu ba shi da dalilin barin firam 25 da ɗiba 48,000. Ga kuma ribar ƙafa: wanda ya ɗauki hoto da gudun 30 a ƙarƙashin fitilun da ke aiki da wutarmu mai juyi 50 yakan ga hasken yana ɓari a hoton, abin da ba a cika gani ba a gudun 25.

3.0 Lambar lokaci suna ce, ba agogo ba

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu ɗan daɗe. An ƙirƙiro lambar lokaci a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin masu tace kaset ɗin bidiyo su riƙa samun firam ɗin da suke nema ba tare da lalube ba. Aikinta shi ne ta raɗa wa kowane firam suna. A gudun 25 tana ƙirga daga 00 zuwa 24, sa'an nan ta ƙara sakan guda, kuma sakan ɗinta daidai yake da na agogon bango. Haka ma a gudun 24 na ainihi.

A 29.97 ne labari ya sha bamban. Lambar ba ta san gutsuren firam ba, don haka tana ƙirga 30 kamar da, alhali hoton bai kai wannan gudu ba. Idan agogon bango ya cika awa, firam 107,892 ne suka wuce, ita kuwa lambar tana jiran 108,000 kafin ta ce awa ta cika. Bambancin firam 108 ke nan, watau sakan 3.6 a kowace awa. Ga gidan telebijin mai sayar da lokacin talla wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai aka fito da ƙidaya mai tsallake: a farkon kowane minti a tsallake lamba 00 da 01, ban da minti na goma da na ashirin da sauran masu ƙarewa da sifiri. Minti 54 sau biyu ya ba da 108, lissafi ya cika. Lalle ne a lura cewa lamba ake tsallakewa, ba a zubar da hoto ko ɗaya. Misalinsa kamar layin gidaje ne da aka sa wa lamba, aka tashi daga 12 aka faɗa 14. Gidajen suna nan yadda suke, sunansu ne ya sauya. Manhajoji sukan nuna wannan ƙidaya da waƙafi mai ɗigo kafin lambar firam, kamar 01:00:00;02. Babu ƙidaya mai tsallake a gudun 25 ko 24 ko 23.976.

Daga wannan bayani abu biyu ke fitowa. Idan mai hoto ya yi aiki da ƙidaya mai tsallake, mai sauti ya yi da marar tsallake, amma gudunsu ɗaya, to hoto da sauti za su tafi tare har ƙarshe in an daidaita farkonsu. Abin da zai ɓaci shi ne takardar umarni. Darakta ya rubuta a sa kiɗa a lamba kaza, a je can a tarar ba wurin da yake nufi ba ne, kuma kuskuren yana ƙaruwa da nisan fim. Magani a nan gyara ƙidaya ne kawai. Wanda ya ɗauko manhajar miƙe sauti a wannan hali, garin neman gira zai rasa ido.

Na biyun ya fi ɓuya. Fayil ɗin sauti irin na BWF, wanda ƙungiyar gidajen rediyo da telebijin ta Turai ta tsara a 1997, ba ya ajiye wurin farawarsa da firam. Yana ajiye adadin ɗibar da suka wuce ne tun daga sha biyun dare. Manhajar da ta karɓe shi ita ce ke mayar da wannan adadi lambar lokaci, bisa gudun da aka saita ta a kai. To, fayil ɗin da aka yi wa hatimin awa ɗaya a aikin firam 25, idan aka buɗe shi a aikin da aka saita a 23.976, zai sauka sakan 3.6 kafin lambar awa ɗaya. Idan kuwa a awa ta goma aka fara shirin, kamar yadda gidajen telebijin na Ingila suka saba, tazarar za ta zama sakan 36. Duk mai sautin da ya ga ɗaya daga cikin lambobin nan biyu, to ya duba gudun da ya saita aikinsa kafin ya tuhumi kowa.

4.0 Auna saɓani

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A nemi wuri kusa da farkon fim inda ido da kunne za su iya haɗuwa a kan firam guda: bugun ƙofa, ko tafi, ko faɗuwar kwano. A auna tazarar da ke tsakanin hoto da sauti a nan. A sake aunawa a tsakiya, a sake a ƙarshe. In babu irin wannan ƙara, harshenmu ya ba mu sauƙi, domin baƙaƙen leɓe, watau b da ɓ da m, har da f wanda Bahaushe ke furtawa da leɓɓa biyu, suna da yawa a magana. Kalma irin “baba” ko “mafarki” tana nuna firam ɗin da leɓɓa suka haɗu da wanda suka rabu. Wannan sauƙin kuma shi ne wahalar, gama abin da mai gyara ke gani shi mai kallo ke gani.

Nawa ne saɓanin da mai kallo zai lura da shi? Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya ta fitar a 1998, mai lamba BT.1359, ta nuna ana fara lura idan sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin dubu na sakan, ko ya makara da kashi 125. Mutum ya fi haƙuri da sautin da ya makara, domin haka ya saba a duniya: mai kallon masussuka daga nesa yana ganin saukar sanda kafin ya ji bugunta. Firam guda a gudun 25 kashi 40 ne cikin dubu na sakan, ashe ke nan firam biyu na riga-kafin sauti sun isa su ɓata wa mai kallo rai.

Idan awo uku sun ba da tazara ɗaya, to gudu daidai yake, wurin farawa ne ya saɓa. Wataƙila mai hoto ya fitar da fim daga lamba sifiri, mai sauti ya ɗora shi a awa ɗaya, ko an bar baƙin allo a farko a ɗaya ba a bari a ɗayan ba. Idan tazarar ba ta wuce firam guda ba, a tuhumi irin fayil ɗin. Matsattsen sauti, irin AAC da MP3, yana ƙara ɗan shiru a farko. A wasu manhajojin AAC shirun ɗiba 2,112 ne, kimanin firam guda, kuma ba kowace manhaja ke cire shi ba. Shi ya sa ba a miƙa sautin aiki sai a fayil ɗin WAV.

Idan kuwa tazarar tana ƙaruwa a kai a kai, sai a raba ta da tsawon lokacin da ta ɗauka. Abin da ya fito zai faɗa cikin ɗaya daga cikin ƙididdigar da aka sani. Sakan 0.6 a minti goma, watau kashi ɗaya cikin dubu, shi ne tambarin 24 da 23.976, ko 30 da 29.97. Wannan shi ne mafi haɗari, domin a minti na farko tazarar ba ta kai firam biyu ba, mai gaggawa zai duba farko ya ce lafiya, alhali a fim mai minti 90 za ta kai sakan 5.4. Kimanin sakan biyu da rabi a minti guda kuwa tambarin 24 da 25 ne. Kimanin sakan biyar a minti guda ba laifin hoto ba ne sam, adadin ɗiba ne: an ɗauko waƙa mai ɗiba 44,100, irin na faifan CD wanda situdiyoyin kiɗa da yawa ke aiki da shi, an kunna ta a kan 48,000 ba tare da juyawa ba. Minti gudanta zai ƙare a sakan 55, muryar mawaƙi kuma ta yi sama a fili. Ga fina-finanmu, inda 'yan wasa ke bin waƙa da baki, wannan kuskure yana iya shiga tun daga wurin ɗauka, idan waƙar da aka kunna musu ba da gudun da za a sa ta a fim aka kunna ta ba.

Akwai kuma ƙaramar zamewa ta firam ɗaya ko biyu a doguwar ɗauka, kamar ta lacca ko taro. Wannan daga agogon cikin kyamara da na rikoda take, domin ba su taɓa zama daidai ƙwarai sai an haɗa su da agogo guda. Bambancin kashi goma cikin miliyan ya isa ya ba da kusan firam guda a awa.

4.1 Tambayar da ba a yi wa mai hoto

Mu koma kan 24 da 25, domin nan ne masu fassara fina-finan waje zuwa Hausa suke, musamman na Indiya, waɗanda akan same su wani a gudun silima wani a gudun telebijin. Hanya biyu ce ta sauya gudu, kuma sakamakonsu ga sauti kishiyoyin juna ne.

Hanya ta farko, a bar kowane firam yadda yake, a ƙara saurin nunawa. Fim mai minti 100 a gudun 24 ya koma minti 96 a gudun 25. Haka aka daɗe ana nuna fina-finan silima a telebijin na ƙasashen firam 25. A nan tilas ne sauti ma a ƙara masa sauri daidai da haka, kuma zai tashi da kusan kashi huɗu cikin ɗari, sai fa in an sa manhaja ta mayar da kaifinsa. Wani zai tambaya ko wannan zai taɓa ma'ana, tun da Hausa harshe ne mai karin sauti. Ba zai taɓa ba, gama karin sama da na ƙasa da junansu ake gwada su, kuma duka tare suka tashi. Amma mawaƙi zai ji muryarsa ta sauya, makaɗin da zai ƙara kiɗa daga baya kuma zai tarar kayansa ba su hau ba.

Hanya ta biyu, a bar tsawon fim yadda yake, a maimaita firam ɗaya a kowane sakan, ko a cakuɗa maƙwabtan firam. Haka manhajar tacewa ke yi da kanta idan aka jefa hoton 24 cikin aikin 25, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Hoton 30 kuwa sai ta zubar da firam ɗaya cikin kowane shida. Motsi zai ɗan yi tsalle, amma minti guda yana nan minti guda, sauti kuwa ba ya bukatar a taɓa shi. Saboda haka jin cewa “an mayar da shi 25” bai isa ba. Dole mai sauti ya tambaya: tsawon fim ɗin ya sauya ko bai sauya ba? Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna ko za a miƙe sauti ko za a bar shi.

4.2 Saɓanin da ba ya bin lissafi

Idan awo ya nuna tazara tana zuwa tana komawa, nan gaba can baya, to galibi hoton waya ne ko na allon kwamfuta da aka naɗa. Wayoyi da yawa ba su da tsayayyen gudu. Sukan rage shi idan haske ya yi ƙaranci ko wayar ta yi zafi, su rubuta lokacin kowane firam a cikin fayil. Manhajar kallo tana bin wannan rubutu, shi ya sa a waya komai daidai ne, amma manhajar sauti tana ɗauka kowane firam tsawonsu ɗaya. Manhaja irin MediaInfo, wadda kyauta ce, tana nuna ko gudun fayil tsayayye ne ko mai sauyawa. Magani shi ne a juya irin wannan hoto zuwa tsayayyen gudu kafin a fara tacewa. Bayan an yanka shi wuri ɗari, gyaransa sai dai yanki-yanki.

5.0 Abin da ya kamata ya bi fim zuwa ɗakin sauti

Hoton da za a ba mai sauti ya fita da ainihin gudun da aka yi aikin da shi, kada a bar manhaja ta zaɓa, domin saitin da aka tanada don YouTube ko waya yakan sauya gudu a ɓoye. A buga lambar lokaci a jikin hoton, yadda mai sauti zai gwada abin da idonsa ke gani da abin da manhajarsa ke ƙirgawa. In sun rabu a ko'ina, ya san akwai magana tun kafin ya taɓa komai. An fi son fayil irin ProRes ko DNxHD, wanda kowane firam a cikinsa cikakke ne, a kan H.264, wanda yawancin firam ɗinsa sai an lissafo su daga maƙwabta, abin da ke sa tsayawa a kan firam guda ya yi wa kwamfuta nauyi. Fayil ɗin AAF mai ɗauke da yankan sauti ya fito daga wannan aikin dai, a rana guda, tare da rarar sakanni a gefen kowane yanki, sa'an nan a haɗa da sautin da mai hoto ke ji a wurinsa domin gwaji. A rubuta gudu da irin ƙidaya da adadin ɗiba da lambar farawa a takarda, da cikakkun lambobinsu. Wanda ya rubuta 24 alhali 23.976 yake nufi ya riga ya shuka sakan 3.6 a kowace awa.

Sai kuma tsohuwar dabarar masu silima, wadda muke ganin ya kamata a koya wa kowane ɗalibi tun makon farko. Sakan biyu cif kafin firam na farko, a sa farin firam guda tare da ƙara mai tsawon firam guda. In fim zai fara a 01:00:00:00, alamar tana 00:59:58:00. A sa irinta sakan biyu bayan firam na ƙarshe. Mai sauti ya daidaita ta farko, ya tsallaka ya duba ta ƙarshe. In ta hau, ya fara aiki. In ba ta hau ba, ya ƙirga tazarar, ya raba ta da tsawon fim, ya koma ga ƙididdigar da muka kawo a sashe na huɗu. Idan ya gama aikinsa kuma, ya mayar da sautin da alamomin nan biyu a jikinsa, domin mai hoto ya yi irin wannan gwaji a nasa ɓangaren kafin a fitar da kwafin da za a kai gidan telebijin.